Kwanon da Aka Rufe Mini a Filin Sukuwa

Tun da ƙafa ta fara ba ni wahala na daina yawo, amfanin da ya rage mini a gidan nan ɗaya ne. In baƙi sun zo wurin ɗana daga nesa suna son sanin inda za su ci abinci a Kano, sai a ce a tambayi Tsoho. Ni kuwa ba na ƙi. Na yi tuƙi a gidajen manya na unguwar Nasarawa har kaina ya yi fari, kuma direba shi ya san cikin gari, domin maigida yana ciki yana cin abin da aka ƙawata masa, mu muna waje muna cin abin da aka dafa. Duk wanda ya tambaye ni nakan jero masa wurare har ya ce ya isa. Amma akwai wuri guda da na daɗe ban faɗa wa kowa ba, alhali ya fi duk sauran, kuma na san layin, na san ƙofar. A can akwai kwanon tuwo da aka rufe mini tun ina saurayi, na ce ina zuwa, ban je ba.

Bari in fara da waɗanda nake faɗa. In waina kake so, ka bi ta Tudun Wada da hantsi. Kada ka tsaya wurin masu allo da fenti, ka wuce har ka ji ƙamshin man gyaɗa a tandar ƙasa. Mai wainar ba ta da fara'a ko kaɗan, kada hakan ya dame ka, kirkinta a hannu yake. In gurasa ce sai Gama, wurin wani mai tsire da yake jiƙa ta da romo ya barbaɗe ta da ƙuli-ƙuli, kuma ba ya rowar albasa. Ɗanwake kuwa Tudun Murtala bayan azahar, wanda aka sa wa kuka da kanwa yadda ya kamata, ba wannan na yanzu mai santsi kamar sabulu ba. Su kuma gidajen gilashin nan da suka cika mana unguwa, masu sanyin na'ura da kiɗa ƙasa-ƙasa, ban hana kowa ba, akwai na Kwarori da gasasshen namansu ba laifi. Sai dai za a kawo maka faranti ƙato, abincin a tsakiya kamar an zuba wa kyanwa, yaran nan su miƙe tsaye su yi ta ɗaukarsa hoto har ya huce. Abin da nake gaya wa kowa shi ne, kada ka duba inda manyan motoci suka tsaya, ka duba inda direbobin suka nufa bayan sun kulle motar.

Kafin in riƙe sitiyari, linzami na riƙe. An kawo ni daga ƙauyenmu na wajen Ringim ina ɗan saurayi marar nauyi, aka sa ni a bargar wani attajiri mai dawakin sukuwa. Nasarawar wancan lokaci ba wannan ba ce. Babu dogayen katangun nan masu waya a kai, shingen furanni ne iya ƙugu, kana tafe kana hango mai lambu yana ban ruwa, kuku yana feraye dankali a bayan kicin. Itatuwan maɗaci sun haɗe kai a saman titi, ko da rana tsaka inuwa ce. Shiru kuwa, in mota ta taso sai ka ji ta tun kafin ka gan ta, har ka san ta wane gida ce. Da sassafe mukan fito da dawaki a jere, kofato yana ƙwas-ƙwas a kan kwalta, masu gadi suna ɗaga mana hannu daga kan buzunsu. Mu kai su fili su motsa jini, mu dawo mu wanke su, mu goge, mu zuba harawa da dusa da 'yar kanwa, mu kwashe kashi. Akwai wani tsoho da yake shugabancin bargar, ba ya kiran kowa da sunansa sai da zagi, amma in doki ya ƙi cin abinci a gefensa yake kwana. Kullum yana gaya mana mu riƙa yi wa doki magana kafin mu taɓa shi, mu kuma daina shiga barga da fushi, don dabbar tana ji a hannunka. Har yau in aka buɗe buhun dusa kusa da ni sai in ji kamar na makara.

Ranar Asabar kuwa filin sukuwa gari guda yake zama. Manya suna rumfa, Turawa da Kwarori da attajiran birni, da tabarau mai hangen nesa a wuya. Sauran jama'a sun jeru jikin farin shingen katako, ga masu rake, ga masu dafaffiyar gyaɗa, ga makaɗan kalangu suna wasa dawaki da sunayensu kamar mutane. In aka kaɗa ƙararrawa aka sauke tuta, sai filin ya yi tsit na ɗan lokaci, sannan ka ji abin a tafin ƙafarka kafin kunnenka: ƙasa tana rawa. Na taɓa zuwa na ɗaya, sau ɗaya tak, mutanen da ban sani ba suka ɗaga ni sama kamar buhun auduga, wani ya tura mini hularsa a kai, ban sake ganinsa ba balle in mayar masa. Daɗin ranar nan ban ƙara jin irinsa ba, ko ranar aurena, Allah ya jiƙan Hajiya, ta san na sha faɗa. Yanzu in ka je filin, masu tumbi ne suke zagayawa da takalman roba da waya a kunne don likita ya tsorata su, yara suna ƙwallo, masu koyon mota suna ta kashe inji. Sukuwa sai jefi-jefi. Amma ni duk Asabar da la'asar, ko ina zaune a kan siminti a tsakar gidan ɗana, sai in ji rawar ƙasar nan a ƙafata. Na taɓa faɗa wa likita, ya ce ciwon suga ne. Na ce masa to sugan nan ya san ranar Asabar ke nan.

Abin da 'yan kallo ba su sani ba shi ne, duk mahayin da suka gani cikin rigar siliki mai walƙiya, yunwa ce a cikin rigar. Akwai sikeli da ake ɗora mu kafin hawa, in ka yi nauyi sai a ba wani dokinka. Don haka tun tsakiyar mako muke ɗaure ciki: ruwan tsamiya, shayi ba madara, ɗan goro. Wasu har buhu suke sawa su yi gudu cikin rana don su zubar da gumi. In Asabar ta zo, idonka har wani haske-haske yake gani, ƙamshin abinci kuwa kana jin sa tun daga ƙarshen fili. A bayan bargar filin, gindin wani babban maɗaci, nan Yaya Saratu take kafa tukwanenta. Kirista ce, mutuniyar wajen Zariya, mijinta malamin makaranta ne a Tudun Wada. Ba ta girme mu da yawa ba, amma duk Yaya muke ce mata, ita kuma ta raɗa wa kowa suna. Ni Auta take ce mini don na fi kowa ƙanƙanta. Tuwon shinkafa take yi da miyar taushe, kabewa ta nuna ta narke, yakuwa daidai, ga man shanu a kai, nama kuwa wurin mahautanmu take saye don kada wani ya yi ɗar-ɗar.

Al'adar ita ce, kafin a kira ka sikeli sai ka biya ta gindin maɗacin. Ba ci za ka yi ba. Za ka nuna naman da ranka yake so a tukunya, ta zuba maka tuwo da miya a kwanonka kana kallo, ta ɗora faifai a kai, ta dafa shi da tafin hannu ta ce, "Yana jiranka." Kai kuma ka ce, "Ina zuwa." Shi ke nan, sai ka tafi ka hau. Kowa da kwanonsa da faifansa, nawa mai jan baki ne. Ba mai taɓa na wani ko da wasa, ita kanta ba ta buɗewa ta ƙara ko ta rage. Tsofaffin barga sukan gaya mana cewa abincin ne yake jawo mahayi ya dawo, wanda aka rufe wa kwano ba a barinsa a fili. Mu samari muna yi musu dariya a bayan ido, amma ban taɓa ganin wanda ya hau bai biya ta wurinta ba, har masu dogon carbi.

Abokina a barga Tanimu ne, Bakatsine, siriri mai yawan tsokana. Tabarma ɗaya muke kwana. Yana da wata ɗabi'a wurin cin abinci da kowa ya san shi da ita: in ya gama sai ya suɗe kwanon tas, ya kife shi, ya ɗora ƙashin da ya gwigwiye a bayan kwanon, ya ce ya bar wa Yaya tukuici. Ita kuma ta bi shi da muciya. Ranar da abin ya faru cikin damina ne, an yi ruwa da safe, rana ta fito fes. Mu ne tseren ƙarshe, la'asar sakaliya. Tare muka biya ta wurin Yaya, ya nuna wani ƙashi mai ɓargo, yana yi mini tsiya wai na zaɓi tsoka kamar marar haƙori. Shi yana kan wani akawal, baƙin doki mai zafin kai da aka kawo daga Chadi, ni ina bayansa kaɗan. A lanƙwasar can ta nesa, inda ciyawa ta yi tsawo har 'yan rumfa ba sa gani sosai, ƙasar ta jiƙe ta yi laushi. Na ga ƙafar akawal ta zame, na ga jar rigar Tanimu ta yi sama, sai na ji wata ƙara kamar an karya rake. Dawaki suka bi ta kai. A sukuwa ba a tsayawa, ko ka so dokin ba zai yarda ba. Akawal ya miƙe ya biyo mu, ya shigo layi ba kowa a bayansa, likkafa tana kaɗawa, makaɗa suka yi shiru ɗaya bayan ɗaya.

Ina dira na yanki fili da gudu, ni na fara isa. Yana kwance rigingine cikin ciyawa, ido a buɗe, wuyansa ya karkace yadda wuyan mai rai ba ya yi. Na durƙusa na yi salati, na rufe masa ido, na kama hannunsa na dama don in miƙar da shi. Hannun a jiƙe yake kamar na wanda ya wanke yanzu. Na ce a raina ruwan ciyawa ne. Sai ƙamshi ya bugi hancina, kuma mai yunwa irin tawa ba ya kuskuren ƙamshi. Daddawa ce da kabewa da man shanu, a yatsunsa, har ƙarƙashin farce. Mutumin da na san rabonsa da tuwo tun tsakiyar mako, don tare muke kwana tare muke tashi.

Da aka ɗauke shi a bayan wata akori-kura, tsohon bargarmu ya ce in je in gaya wa Yaya Saratu kada ta yi ta jira. Daga gindin maɗacin ba a hango fili, hayaniya kawai ake ji. Na same ta tana kankare tukunya tana 'yar waƙarta ta coci. Sauran mahaya ba wanda ya iso tukuna, kwanuka suna jere a kan benci da faifansu. Na ce mata Tanimu ya faɗi, Allah ya yi masa rasuwa. Ta ɗago ta dube ni, ko tukunyar ba ta ajiye ba.

"Auta, ba na son irin wannan wasa," ta ce. "Wane Tanimun? Yanzun nan ya tashi daga nan. Ga inda ya wanke hannu, bai ko bushe ba."

Na duba. Ga jiƙaƙƙiyar ƙasa a gefen buta. Ga kwanonsa a ƙarshen benci, a kife, da ƙashi a bayansa, an tsotse ɓargon tas. Ta ce ya zo ana tsakiyar ihun tseren, har ta yi mamakin saurinsa, rigarsa duk taɓo. Bai yi tsokanar da ya saba ba, ya zauna ya ci shiru, ya ce mata yau miyar ta fi ta kullum, ya bi ta bayan itacen ya tafi. Tana faɗa tana kallon fuskata, muryarta tana raguwa, har ta gane ba wasa nake ba. Ta zauna daɓas a ƙasa. Tsuntsayen da suke cika maɗacin nan da surutu kowace yamma, ranar ko ɗaya ban ji ba. Can sai ta miƙa hannu ta jawo kwano mai jan faifai ta turo shi gabana, don ba ta san abin da za ta yi ba sai abin da ta saba.

"Ci naka, Auta. Yana jiranka."

Na kalli kwanon Tanimu a kife, na kalli nawa a rufe. Abin da ya zo mini a rai shi ne, ashe gaskiya tsofaffi suka faɗa, kwanon yana jawo mutum, kuma ba ruwansa da ko kana da rai ko ba ka da shi. Sai na ga kamar wanda ya buɗe nasa ya cinye ya gama ke nan, ba sauran abin da yake jiransa a duniya. Muddin nawa yana rufe kuwa, da saurana. Na ce mata ina zuwa. Na juya na tafi, ban waiwaya ba.

Ban ƙara hawa doki ba. Na je wurin wani malami a Gama na ba shi labari. Ya ce ajali a hannun Allah yake, tuwo ba ya kashewa ba ya rayawa, mai yiwuwa wani mayunwacin ne ya zo ya ci, matar cikin hayaniya ta ɗauka Tanimu ne, in yi ta addu'a in cire abin a raina. Na yarda da maganarsa, har yau ma na yarda. Zancen hannun ne kawai na kasa gaya masa. Kai ya yarda, ƙafa ta ƙi. Na koyi mota, na yi aure, na haifi 'ya'ya, na aurar da su. Na ji labari da sukuwa ta ja baya Yaya Saratu ta bar gindin maɗaci ta buɗe shago a Tudun Wada, daga baya 'yarta ta karɓa. Direbobi 'yan'uwana suna ta yabon taushen wurin suna jana, ni kuwa kullum da dalilina, yau cikina, gobe maigida zai fito. In aiki ya bi da ni ta layin sai in zagaya ta baya. Ban ɗauka abin ya shafi kowa ba sai ni. A ganina mai sayar da abinci fuska nawa ta gani, ai ta manta da wani Auta tun tuni.

Jikata Ummi ce ta tono zancen a daminar da ta wuce. 'Yar babban ɗana ce, wadda take kirana Angonta tun tana koyon magana, ta zo gida goyon ciki. Kwaɗayi ya tasa ta gaba, ba abin da take so sai miyar taushe irin ta da. An yi mata a gida ta ce ba ita ba ce. Ni ma ta tasa ni gaba, na jero mata wurarena, ta bi su ɗaya-ɗaya da direban gidan, tana dawowa tana yatsina fuska tana cewa Ango ya tsufa har harshensa ya mutu. Wata Asabar ta dawo da yamma ba ta yi mini tsiyar da ta saba ba, ta zauna a bakin tabarmata. Ta ce direba ya kai ta wani shago a Tudun Wada da ban taɓa ambata mata ba, ta ci har ta yi gumi. Amma ta ga abin mamaki. A kan wani benci daban an ajiye tsohon kwano, fentinsa duk ya zube, an rufe shi da faifai mai jan baki, ba mai zama kusa. Ta tambaya, mai shagon, Rifkatu, ta ce na wani ne da ya ce wa mahaifiyarta yana zuwa. Duk Asabar sai an zuba an rufe, in magariba ta yi a miƙa wa maƙwabta. Faifan ma an sha sake shi, kullum sai an nemo mai jan baki. Tsohuwar tana ɗaki a bayan shagon, ido ya tafi, jiki ya ƙare, tana shan wahala. 'Ya'yanta sun gaji da roƙonta ta bar zancen, ta ce ita ta dafa kwanon nan da hannunta ta ce yana jira, ba za ta je gaban Ubangiji da magana rataye a wuyanta ba. Duk wanda ya zo daga wajen Nasarawa sai ta sa an tambaye shi ko ya san wani Auta, mahayin doki.

"Ango," in ji Ummi, "ba Autan barga Hajiya Kaka take ce maka ba in kun yi faɗa?"

Na ce masu sunan Auta ai sun cika Kano. Ta ce haka ne, amma ba duka ne hannunsu yake rawa in an ambaci faifai ba. Na yi mata faɗa na ce ta tashi ta ba ni wuri. Makon nan kaf ban ji daɗin komai ba. Tsoro nake ji, tsoho da ni, da jikoki, na je Makka na dawo, ina tsoron kwanon tuwo. Na kuma ji haushin matar, na ce wa ya aike ta. Sai in tuna ita ma ta ga abin da na gani, ta ma fi ni gani, don ita ta zuba masa ruwan wanke hannu, amma ba ta gudu ba. Ni ina riƙe da raina ta hanyar ƙin zuwa, ita kuma rashin zuwan nawa ya hana ta hutawa. Dole ɗayanmu ya saki.

Da Asabar ta zagayo, bayan la'asar, rana da sauranta, na yi wanka na sa farar riga, na yi wa ɗana wasu maganganu irin na wasiyya da suka sa ya tsaya yana kallona. Ummi ta ce ƙafarta ƙafata. Tun a mota ƙasa ta fara rawa a tafin ƙafata, ta fi ta kullum, kamar dawakin suna gab da lanƙwasa. Shagon ƙarami ne, benci da tebur, fanka tana kuka, wasu 'yan adaidaita suna ci suna gardamar ƙwallo. Rifkatu, mace mai jiki, ita ma da furfurarta, ta dube ni ta dubi Ummi. Ta ɗauki kwanon da hannu biyu ta wuce gaba, muka bi ta ɗakin baya. Yaya Saratu tana kwance a kan katifa, ta koma kamar yarinya don ƙanƙanta. Na yi sallama. Ta juyo da fuskarta wajen ƙofa, fararen idanunta ba sa kallon komai.

"Auta," ta ce, ban ko faɗi ko ni wane ne ba. "Har yanzu kana taku kamar da doki tsakanin ƙafafunka."

"Ni ne, Yaya. Yaya jiki?"

"Wanda ya mutu ma ya zo ya ci nasa, bai bar ni da jira ba. Kai mai rai, me ya tsare ka?"

Da ƙyar na ce mata tsoro ne. Ta ce ta sani, ita ma ta ji shi, amma ta riga ta ce yana jira. Ta sa aka tashe ta zaune, aka ɗora hannunta a kan faifan. Aka kawo buta na wanke hannu, na zauna a ɗan bencin da yake jikin bango, Ummi ta tsaya a bakin ƙofa. Sai tsohuwar ta karkata kai kamar mai sauraro, ta ce in ɗan matsa, ba ni kaɗai ba ne a bencin. Rifkatu ta yi saurin cewa jikarsa ce, Mama, kuma a tsaye take. Tsohuwar ta ce ta ji yarinyar, mai ciki ce, takunta da nauyi, ba ita take nufi ba. Na matsa. Ban duba gefena ba, amma kafaɗata ta dama ta ɗauki ɗumi irin na wanda kuka saba kwana tabarma ɗaya, ga kuma warin gumin doki da jiƙaƙƙiyar ciyawa, a ɗakin da ba abin da yake ciki sai maganin shafawa.

Yaya ce ta ɗaga faifan da kanta, tururi ya taso. Na yi bisimilla na kai loma. Miyar nan ce, ba abin da ya ragu. Ina ci hawaye yana sauka cikin gemuna, kuma abin da ban zata ba, yunwa ce ta taso mini, tsohuwar yunwar Asabar, wadda ashe duk tuwon da na ci a duniya bai kashe ta ba. Ina ci rawar ƙasar tana raguwa a ƙafata, kamar dawaki sun wuce suna yin nisa. Na gwigwiye ƙashin da yake ciki na ajiye a gefe, na suɗe kwanon tas, na zauna ina jiran in ga ko zan faɗi. Ba abin da ya same ni sai gyatsa, Ummi ta fashe da dariya tana share ido. Yaya Saratu ta lalubo kwanon, ta zagaya yatsa a ciki ta ji ba komai, ta ce to madalla, a wanke shi a haɗa da sauran kwanuka. Na karɓa na ajiye a kan bencin, muka taru mu uku muka kwantar da ita. Da Rifkatu ta juya za ta ɗauki kwanon, a kife yake, da ƙashin da na gwigwiye a bayansa. Ummi ta ɗauka ni na yi, na bar ta a haka. Ni dai na san a buɗe na ajiye shi.

Ba ta kai wata Asabar ɗin ba. Rifkatu ta aiko cewa cikin barcin rana ta tafi, ba wahala. Na je gaisuwa na zauna a rumfa cikin 'yan cocinsu, ba wanda ya san ni. Ni kuwa ga ni nan, Ummi ta sauka lafiya, na ɗauki ɗan a hannuna. Amma Asabar ɗin da ta biyo bayan rasuwar na sa aka kai ni filin sukuwa da la'asar. Na dogara sanda har lanƙwasar can ta nesa, inda yanzu masu koyon mota suke juyawa, na cire takalmi na tsaya. Na jima ina jira. Ƙasa ce kawai da ɗan sanyinta. Duk shekarun nan ina roƙon Allah ya raba ni da rawar nan, ranar da ta tafi sai kewarta ta kama ni har na nemi wurin zama. Muddin tana nan, akwai wani saurayi marar nauyi da bai sauka daga kan doki ba tukuna. Yanzu ya sauka, ya ci abincinsa.

Har yanzu baƙi suna tambayata inda za su ci abinci, sai dai yanzu da shagon Rifkatu nake farawa. Nakan ce su shiga Tudun Wada su tambayi mai taushe 'yar Saratu, kowane ɗan adaidaita ya sani, su ce a sa musu ƙashi mai ɓargo. Abu ɗaya nake ƙara musu, su yi ta dariya suna cewa Tsoho ya fara rikicewa. In an zuba muku, ko wa ya kira ku a waya, kada ku ce a rufe muku kuna zuwa. Ku zauna ku ci da zafinsa.